Jan Fenti a Bangon Goggo Harira

Ranar da likita ya duba takardar gwajin jinin Kabir ya ce masa ko ya nemi abin da zai riƙa sa shi gumi ko ya shirya zaryar asibiti, ranar Kabir ya sayi keke. Ba irin keken zuwa niƙa ba, wani ne mai faɗin taya da giya rututu, wanda aka yi shi don hanyar burji da tsakuwa. Mutum mai shekara hamsin da biyu, mataimakin darakta a wata ma'aikata, ga tumbi. Matarsa Nafisat ta yi dariya har da riƙe ciki ranar da ta fara ganinsa da hular kwano a tsakar gidansu na Unguwar Rimi. Ko a jikinsa. Kabir in ya sa abu a gaba, sai dai a matsa masa ya wuce.

Cikin shekara biyu tumbin ya zube, shi kuma ya zama mai fitar da hanya a ƙungiyarsu ta mahaya keke, su ashirin da wani abu, yawancinsu ma'aikata irinsa, da ke haɗuwa duk Asabar bayan asuba. Sun gaji da kwalta. Ka fito daga Malali kana neman iska, mai napep ya matse ka a Unguwar Dosa, tirela ta busa maka hayaƙi a Kawo. Shi ya sa Kabir ya yi musu alkawarin sabuwar hanya: a bar titi a bayan Kawo, a shiga gonaki, a bi ta tsohon ramin fasa dutse, a tsallaka gadar jirgin ƙasa da aka daina bi, a ɓulla tsohon kamfanin gurzar auduga da ya mutu tun yana saurayi, sannan a zagayo gida.

Ranar Lahadi da la'asar ya fita sa alama. Don sauri ya ɗauki motar ofis mai lambar gwamnati, ya ɗora rigar nan mai ɗaukar ido a kan kayansa, na'urar auna tafiya a hannu ɗaya, gwangwanin fenti na fesawa a ɗayan. Fentin ja ne, don shi ya fi fita a jikin dutse da itace. Duk inda hanya ta rabu, sai ya fesa kibiya. A haka ya isa Layin Gurza, ɗakuna goma sha biyu a jere da kamfanin ya gina wa leburorinsa, inda tsofaffinsu da iyalansu ke zaune har yanzu. A mararrabar nan babu dutse babu bishiya, sai bangon ɗakin farko. Ya ji ana daka a ciki. Ya dubi agogo ya ga magariba na tahowa, ya fesa ƙatuwar kibiya a bangon, ya ƙara ɗaya a tsakiyar layin, ɗaya a ƙarshe, ya duba na'urarsa, ya shiga mota. Bai yi wa kowa sallama ba. A ganinsa aiki ya yi kyau.

Ranar Juma'a da hantsi yana shan shayi a falo aka ce yana da baƙo. Sule ne, direban ofishinsu, mutumin Zamfara da ke zaune a Hayin Banki. Ya durƙusa ya gaida shi, ya ƙi zama a kujera.

"Yallaɓai, alfarma na zo nema. Ɗakin nan naku na baya da babu kowa, ko za a ba goggona ta ɗan zauna kafin in sama mata wuri."

"Me ya samu nata ɗakin?"

"An shafa musu ja. Can Layin Gurza take, ban sani ba ko ka san wurin. Ranar Lahadi wani ya je da motar gwamnati, da riga mai ɗaukar ido, yana aune-aune. Bai ce da kowa komai ba, ya shafa ya tafi. Kwana biyar suna jiran a zo a yi musu bayani, shiru. To yau da an sauko Juma'a kafinta zai fara cire kwano, kada katafila ta zo ta haɗa da shi. Daga ɗakinta za a fara, shi ne a bakin hanya."

Kabir ya ajiye kofin a hankali. Ba wai bai san abin da jan fenti a bango ke nufi a garin nan ba. Ya sani sarai. Sai dai bai taɓa kwana a ɗakin da ake iya shafa wa shi ba, shi ya sa abin bai ko zo masa a rai ba.

Allah ya gani, na ɗan lokaci ya ji zai iya cewa ba komai, a kawo ta, ya ci sunan mutumin kirki, babu wanda zai taɓa sanin komai. Ya dubi Sule da ke durƙushe a kan darduma yana jiran amsa.

"Sule, ni ne."

"Na'am, yallaɓai?"

"Ni na je. Alamar hanyar keke ce. Babu wata katafila."

Sule ya miƙe ya ciro wayarsa. Kabir ya gwammace a ce zaginsa ya yi. Suka kira Malam Audu, dattijon layin, Sule ya yi bayani, sannan ya miƙa wayar. Kabir ya faɗi sunansa da muƙaminsa, ya rantse, ya ba da haƙuri. Dattijon ya saurare shi har ya gama.

"Ranka ya daɗe, shekara huɗu da suka wuce ma haka aka ce mana ta waya, ranar da aka shafa wa layin bayanmu. Aka ce ƙidaya ce kawai. Kwana shida katafila ta zo. Wanda ya cire kwanonsa ya tsira da kwano, wanda ya tsaya jin magana ya tashi babu ko ƙusa. In da gaske kake, wanda ya shafa ya zo ya goge da hannunsa muna gani. In ba haka ba, Lawan kafinta zai hau."

Ya kashe wayar.

Kabir ya tashi neman makullin mota, Sule ya tare shi. Ruwan daren Laraba ya cinye kwalbatin rafin, mota ba ta wucewa. Sai an zaga ta babban titi, sannan a shiga laka, wanda in an yi sa'a a isa da la'asar sakaliya. Kabir ya tsaya ya dubi kekensa da ke jingine a bango. Ta hanyar da ya fitar, kilomita talatin da biyu ne, kuma keke ana saɓa shi a kafaɗa a tsallaka gada.

Ya zuba burushin ƙarfe da tsumma da kwalbar fetur a jakar baya. Nafisat ta biyo shi har bakin ƙofa.

"Abban Salim, ka dubi gabas kuwa?"

Ya duba. Hadari ne yake haɗuwa, baƙi ƙirin, can ƙasa-ƙasa.

"Na gani. Shi ya sa zan tafi yanzu."

Sha biyu ta gota ya bar gida. Ya ratsa Malali da Unguwar Dosa bai ma san ya ratsa ba, ya kutsa cunkoson Kawo yana ta ƙararrawa, wani mai napep ya leƙo ya ce masa Alhaji wannan sauri fa, shi dai ya wuce abinsa. Bayan Kawo ya saki kwalta ya hau burji, taya ta fara ƙara a kan tsakuwa, gari ya koma bayansa. Masara ta fi shi tsayi hagu da dama. A wata Asabar ɗin da ya tsaya ya shaƙi ƙamshin ƙasa ya ɗauki hoto. Yau ko ɗaga kai bai yi ba.

Abin da ya fi ƙona masa rai kibiyoyinsa ne. Ga su nan a kan kowane dutse, a jikin kowace ɗorawa, jajur, suna nuna masa hanya kamar bai san ta ba. Ranar Lahadi har da ja da baya yana kallon kyawunsu.

A burtali, wato hanyar da aka bar wa shanu a tsakanin gonaki, laka ta kama shi. Jar laka ce mai danƙo, wadda shanu suka tattake ta zama kamar kwaɓin gini. Ta cushe tsakanin taya da ƙarfe har taya ta daina juyawa. Ya sauka, ya karyo itace ya ƙwaƙule, ya hau, bai yi nisa ba ta sake cushewa. Karo na uku ya saɓi keken ya taka da ƙafa, takalmansa na nutsewa, cinyoyinsa na zafi. Da ya fito tudu ya hau ya taka feda kamar ana bin sa. Ya wuce ramin fasa dutse, wanda ruwa ya cika ya zama kore, da tsohuwar na'urar niƙa dutse da ta yi tsatsa har ciyawa ta fito ta cikinta.

A wani ƙauye ya tarar an fara huɗuba. Ya tsaya da ƙafa ɗaya a ƙasa yana haki, zuciyarsa na cewa wuce. Sai ya tuna ai Lawan kafinta ma yana masallaci yanzu, babu mai hawa rufi sai an sallame. Ya jingine keken, ya yi alwala a randar masallacin, ya shiga sahun ƙarshe da lakarsa. Na kusa da shi ya ɗan janye bakin rigarsa. Liman na sallamewa Kabir ya miƙe, ko addu'a bai tsaya ba.

Saura kilomita goma. A na huɗu ya ji tayar baya ta yi laushi. Ƙaya ce, doguwa, ta shige har tushe. Kabir da bai saba zagi ba ya zagi ƙayar nan da iyayenta. Ya ciro tib, ya sa sabo, ya buga famfo. Iska ta fara kaɗa masara, hadarin ya taso ya cinye rabin sama.

Gadar jirgin ba ta da komai sai katakon da aka jera, wasu sun ruɓe, wasu an sace, rafi na gudu a ƙasa ja kamar kunun kanwa. Ranar Lahadi ta kwalbati ya bi da mota, gadar daga nesa ya hango ta ya ce ai za ta yi daɗin hoto. Ya saɓi keken, ya yi bisimilla, ya riƙa taka katako ɗaya bayan ɗaya, bai yarda ya dubi ruwan ba. Yana sauka ya hango dogon bututun hayaƙin kamfanin, da rumbunan auduga da babu rufi, da sikelin manyan motoci da akuyoyi ke kwance a kai. Sannan ya ji ƙarar ƙusa tana fita daga katako.

Ya makara. Lawan na kan rufi, kwano huɗu sun riga sun sauko an jingine su a bango. Kayan ɗaki na waje: gadon ƙarfe, akwati, tukwane, buhun masara. Mutanen layin sun taru suna kallo, kowa na jiran a zo kansa.

Kabir ya sauka daga nesa, ya cire hular kwano, ya yi sallama. Aka amsa ciki-ciki. Wani dogon tsoho mai farin gemu ya matso, shi ne Malam Audu. Ya dube shi daga laka zuwa laka.

"Kai ne?"

"Ni ne, Baba."

Audu ya nuna masa wata tsohuwa da ke zaune a kan akwati, ta naɗe hannu a cikin mayafi. Ita ce Harira, goggon Sule. Kabir ya je ya durƙusa a gabanta ya faɗi komai, da keken, da ƙungiyar, da hawan Asabar. Ta shekara arba'in a Kaduna amma bakinta bai bar Zamfara ba.

"Keke," ta ce. "Yanzu don wasan keke munka kwana biyar ba barci?"

"Don shi ne, Inna. Laifina ne ni kaɗai."

"Ina nan ciki ina daka sa'ad da kake shafawa. Na ji ƙarar abin. Da ka ce salamu alaikum, da na fito."

Ya tashi ya buɗe jakarsa, ya jiƙa tsumma da fetur ya goga a kibiyar. Maimakon ta fita sai ta baje, bangon ya sha jan ya ƙara faɗi. Wani a baya ya yi tsaki. Kabir ya yar da tsumman ya ɗauki burushin ƙarfe ya shiga kankarar shafen sumuntin kansa. Tsohon sumunti ne na kamfani, mai taurin tsiya. Ya kankara da hannun dama har ya sage, ya koma hagu, gaɓoɓin yatsunsa suka goge a bango suka fara jini. Lawan ya tsaya a sama da ƙarfen cire ƙusa a hannu, bai ci gaba ba, bai kuma sauko ba.

Da bangon Harira ya yi fari, Kabir ya juyo. Audu ya nuna masa tsakiyar layi da haɓa. Ya tafi ya kankare ta biyu. Iska ta taso da ƙarfi tana kwasar leda da ganye, mata na kwashe shanya. Ya ruga ƙarshen layi ya kama ta uku, yana ji ɗigon farko na sauka a wuyansa. Sai da jan ƙarshe ya bar bangon sannan Audu ya ɗaga murya.

"Lawan, mai da kwano."

Aka yi ca a kan aikin. Masu shigar da kaya na yi, masu miƙa kwano na yi. Kabir ya hau tsani ya kwanta rub da ciki a kan kwano yana danne shi kada iska ta ɗauke, Lawan na buga ƙusa a gefen kunnensa, ruwa na dukan bayansa. Biyu sun koma. Sauran biyun kuwa sun tsufa, wajen cirewa sun yage a bakin ƙusa, sun lanƙwashe. Lawan ya ɗora su yadda suka samu, ya girgiza kai.

"Tsohon kwano in ya bar wurinsa ba ya komawa daidai, Alhaji. Waɗannan sai sabo."

Suka sauko suka fake a ɗakin. Ruwa na zuba ta wuri biyar ko shida. Harira na bin yoyon da kwanonin abinci da tukwane. Da suka ƙare ta miƙa wa Kabir wata roba.

"Riƙe nan, kan gadon."

Ya riƙe. Mataimakin darakta guda, jiƙe sharkaf, yana tarar ruwa a roba a kan gadon tsohuwa. Bai ji abin dariya a ciki ba, baƙin ciki ya ji, irin wanda ya daɗe bai ji ba.

"Maigidana ya buga wannan rufin da hannunsa," in ji Harira, "shekarar da anka rufe kamfani. Ya ce tun da babu mai gyara mana kuma, bari ya yi wanda zai daɗe. Ya rasu, rufin bai taɓa ɗiga ba. Sai yau."

"Inna, gobe zan dawo da sabon kwano. Na yi alkawari."

Ta dube shi a karo na farko ido cikin ido.

"Za ka dawo, na sani. Masu jan fenti ba su taɓa ce mana za su dawo sun fasa ba."

Maganar ta bi shi har gida, da ruwan ya tsagaita ya kama hanya.

Washegari ƙungiyar ta haɗu a Kawo kamar kullum, sai suka tarar da Kabir a gaban shagon masu kayan gini, yatsunsa naɗe da bandeji, ga kwano huɗu an naɗe su an ɗaure da igiya, ga ƙullin ƙusa. Ya faɗa musu abin da ya yi, bai rage komai ba. Ya ce hanyar yau tana nan, amma da kaya, kuma duk kibiyar da suka wuce za a tsaya a kankare ta. Wanda ba zai iya ba ya bi kwalta, babu laifi. Mutum shida suka tuna suna da uzuri. Hassan, wani likitan haƙori da ke goge kekensa da hankici, ya yi ta ƙorafin kwano zai kankare masa fenti, amma shi ya fara ɗaura nasa.

Tafiyar awa biyu ta ci musu biyar. A burtali suka tura, a gada suka miƙa wa juna kwanon hannu da hannu. Da suka hango bututun hayaƙin Kabir ya ɗaga hannu, kowa ya sauka, suka ƙarasa da ƙafa suna jan kekunan.

Katifar Harira na shanye a kan igiya. Ƙofar ɗakin a buɗe take, labule a sake, ana jin motsinta a ciki. Kabir ya tsaya a bakin ƙofa, kwano a kafaɗa.

"Salamu alaikum."

Shiru. Motsin ma ya tsaya. Na bayansa suka dubi juna.

"Salamu alaikum."

Babu amsa. Kowa a wurin ya san in aka yi ta uku ba a amsa ba, sai mutum ya juya. Kabir ya gyara kwanon a kafaɗarsa, ya ɗan jira, sannan ya sake yi.

"Salamu alaikum, Inna."

Labulen bai motsa ba. Sai can muryarta ta fito daga ciki.

"Wa alaikumus salam. Tsanin yana bayan ɗaki."